Darasi na 18: Karatu Cikin Waya

Mu mutanen Birnin Kebbi da Argungu manoma ne da masunta. Sa'ad da ruwa ya sauka, mu kan tafi gona. Sa'ad da shinkafa ta nuna a fadama, ba mai zama gida. Aji ya kan watse. In muka komo bayan wata 4 ko 5, sai mu tarar rabin baƙaƙen da muka koya sun gudu daga kanmu. Wannan babbar hasara ce. To, ina dabara?

Ba yau aka fara kai wa mutane karatu har gida ba. Wajen shekara ta 1830, Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta kan tsara darasi cikin waƙa. Ta koya wa waɗansu dattijan mata, ana kiran kowacce jaji. Su kuma su tafi ƙauyuka su koya wa mata 'yan'uwansu. Yau waya tana iya yi mana aikin jaji.

Ga yadda a ke sa darasi cikin waya. Da fari malami ya rubuta shi gajere, kamar na minti 5. Sa'an nan a sami mai kyakkyawar murya ya karanta, a ɗauki muryarsa. A haɗa muryar da hoto da baƙaƙe. In an ce "kifi", sai ka ga kifi, ka ga K da I da F da I. Daga nan a gwada darasin a ƙaramar waya, da babba, da kwamfutar hannu mai kama da allo, domin a tabbata rubutun ya fito sosai. A ƙarshe a ɗora shi a intanet.

Wanda ya ke so sai ya sauke shi cikin wayarsa. Saukewa tana cin kuɗin data, amma sau ɗaya ne. Bayan wannan darasin yana nan cikin memori, ko ba sabis. Ka iya tura wa maƙwabcinka ta Bluetooth, ba ko kwabo.

A shekara ta 2022 Gwamnatin Tarayya, tare da UNICEF da kamfanin Microsoft, ta buɗe wata taskar darussa a intanet mai suna Nigeria Learning Passport. An sa darussan firamare da na sakandare a ciki, har da na Hausa. Wanda ɗansa ke makaranta, ya tambayi malaminsu labarinta.

Ko waya tana taimakon manya irinmu? An gwada. A shekara ta 2009 aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyukan Dosso da Damagaram, cikin ƙasar Nijar. Dosso kuwa maƙwabtanmu ne. A waɗansu ƙauyuka aka ba kowane mutum 5 ƙaramar waya guda, aka koya musu rubuta saƙo. A waɗansu ba a bayar ba. Da aka yi jarrabawa, masu waya suka fi sauran a rubutu da lissafi. Wataƙila dalili shi ne ba su bar karatu a aji ba, suna taɓa shi a gida.

Amma mu lura. Waya ba ta kama hannun mutum ta koya masa riƙon fensir. Ba ta ganin kuskurenka balle ta gyara. Saboda haka ga abin da za mu yi:

1. Mu sauke darasi ran kasuwa, inda akwai sabis da wurin caji.
2. Mu saurari darasi ɗaya kowane dare bayan lisha.
3. Abin da muka ji, mu rubuta shi da hannunmu cikin littafi.
4. Mu ara wa matanmu wayar, su ma su koya.
5. In aji ya komo, mu kai wa malami littafin ya duba.

Wanda ya yi haka zai karanta saƙon kuɗinsa da kansa. Zai karanta takardar rance kafin ya sa hannu. Ba sai ya buɗe wa wani asirinsa ba. Karatu, farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin jaji?
2. Don me a ke gwada darasi a waya iri iri?
3. Wane abu ne waya ba ta iya yi?
4. Rubuta sunan garinku da na kasuwar da ka ke ci.