Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar DVD Ta Ƙi Karanta Faifan Walima

Tambaya: Ina da na'urar DVD da na saya shekarun baya, kuma har yau tana nuna mini finafinan Hausa da faya-fayan wa'azi da nake saya a kasuwa lafiya lau. Watan jiya muka yi walimar saukar Alƙur'ani ta ɗana, mai ɗaukar bidiyo ya kawo mana faifai biyu. Ina sakawa sai ta yi ta juyi, can sai ta rubuta NO DISC. Na koma wurinsa, ya saka a kwamfutarsa a gabana, sai ga hoto tangaram, ya ce ai na'urata ce ta mutu. Mai gyara kuma ya ce sai an sauya mata ido. Mahaifiyata ce ta matsu ta gani, ga shi idonta ba ya iya kallon waya. Ina laifin yake? Daga wani mai karatu a Kwanar Ɗangora, ƙaramar hukumar Ƙiru.

Amsa: Allah ya sanya albarka a karatun yaro, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Malam, ka riƙe kuɗinka tukuna, kada ka biya kuɗin ido. Mai yiwuwa ne mai gyara yana da gaskiya, amma a cikin abubuwan da ke jawo wannan matsala, ido shi ne na ƙarshe da ya kamata a taɓa, domin shi ne mai tsada, sauran kuwa kusan kyauta ake gane su. Shi ma mai bidiyo, gwajin da ya yi a gabanka bai wanke faifansa ba. Kwamfuta tana buɗe kusan duk abin da aka ba ta, ballantana faifan da ita da kanta ta buga. Na'urar gida ba haka take ba, tsari ɗaya ko biyu aka koya mata, in aka kauce musu sai ta ce ba ta ga komai ba.

Fara da faya-fayan da ka ce tana karantawa. Ɗauko su ka duba rubutun da ke jikinsu: VCD ne ko DVD? Wannan tambaya tana da nauyi fiye da yadda za ka zata. Tun da finafinan Hausa suka bar kaset suka koma faifai, da yawan abin da aka riƙa sarowa daga Ƙofar Wambai ana kawowa kasuwannin Bebeji da Tudun Wada VCD ne, wato bidiyo a kan faifan CD mai ɗaukar megabait 700. Faifan DVD kuwa yana ɗaukar gigabait 4.7, kuma rubutunsa ya fi ƙanƙanta sosai. Saboda haka a cikin idon nan guda ɗaya akwai fitilun leza biyu: ɗaya mai tsawon zango nanomita 780 don CD, ɗaya ja mai nanomita 650 don DVD. Ɗaya tana iya mutuwa ta bar 'yar uwarta tana aiki. Idan duk abin da kake kallo VCD ne, to ba mu da shaidar cewa ɓangaren DVD yana raye, kuma maganar mai gyara ta ƙara ƙarfi. Idan kuwa akwai DVD a cikinsu kuma yana tafiya ba tsalle, zargi ya koma kan faifan walima.

Sannan ka juya faifan ka dubi cikinsa. Wanda aka buga a masana'anta fari ne kamar azurfa, domin rubutunsa ramuka ne ƙanana da aka danna a jikin roba aka shafe da ƙarfe mai ƙyalli. Wanda aka buga a kwamfuta kuwa za ka ga cikinsa ya yi shunayya ko shuɗi-shuɗi, saboda wani sinadarin rini ne a ciki da leza ke ƙonawa ɗigo-ɗigo. Hasken da yake mayarwa bai cika kai na masana'anta tsabta ba. Shi ya sa idon da ya fara tsufa ko ya yi ƙura yake fara gazawa a kan faifan kwamfuta, alhali yana ci gaba da karanta na kamfani na tsawon lokaci. Kamar dattijo ne da ke karanta manyan baƙi na allo ba gilashi, amma a miƙa masa ƙananan rubutun takardar magani sai ya ce bai ga komai ba.

Gwajin da zai raba gardama ba ya cin ko sisi. Kai faifan walimar gidan maƙwabci ko gida biyu masu na'urar DVD, ba kwamfuta ba. Ka kuma aro wani faifan biki mai shunayyar ciki wanda aka tabbatar yana yi a gidansu, ka gwada a taka. Idan faifanka ya ƙi a ko'ina, laifin bugu ne, mai bidiyo zai sake. Idan ya yi a gidajen mutane, nasu kuma ya ƙi a wurinka, to na'urarka ce. Idan nasu ya yi a taka, naka kuma ya yi a tasu amma ya ƙi a taka, to jituwa ce babu tsakanin wannan nau'in faifan da wannan na'urar, kuma akwai maganinsa.

Ni dai zatona ya fi karkata ga bugun, kuma ga dalili. Rubutun NO DISC yana nufin na'urar ta nemi farkon faifan, inda ake ajiye jadawalin abin da ke ciki, ba ta samu ba. Wannan jadawali ba ya kammala sai an rufe faifan a ƙarshen bugu. Masu bidiyo da yawa, cikin gaggawar aiki, suna jan fayil ne kawai su jefa a kan faifan. A lokacin Windows tana tambaya ko za a yi amfani da faifan kamar filasha ne ko kuwa a na'urar CD da DVD. In aka zaɓi na farko, faifan yana zama a buɗe don a ƙara masa kaya daga baya, kwamfuta za ta karanta shi, na'urar gida kuwa galibi ba za ta san da shi ba. Haka ma faifan da aka ɗauka kai tsaye da na'urar naɗin DVD ko kyamara mai faifai: sai an mayar da shi cikin wadda ta naɗe shi an rufe, kafin wata ta karɓa.

Abu na biyu shi ne tsarin bidiyon kansa. Ka roƙi mai bidiyo ya sake saka faifan a kwamfuta, amma wannan karon kada ya kunna, ya buɗe maka cikinsa kawai. Faifan DVD na bidiyo na gaskiya yana da jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta akwai fayiloli masu ƙarewa da VOB da IFO da BUP. Wannan shi ne tsarin da aka tsayar tun fitowar DVD a Japan a 1996, kuma duk na'urar da ke ɗauke da tambarin DVD ta san shi. Idan maimakon haka ka ga fayil ɗaya tilo mai ƙarewa da MP4 ko MKV ko MOV, to ba faifan kallo aka ba ka ba, faifan ajiya ne. Kyamarori da wayoyin yanzu suna ɗauka ne da tsarin H.264 ko H.265, sau da yawa a faɗin ɗigo 1920 da tsayin 1080, alhali DVD a ƙasarmu ɗigo 720 ne da 576, a tsarin MPEG-2. Ko na'urorin da aka rubuta wa DivX ko MPEG-4 a goshi, yawancinsu fayil ɗin AVI da bai wuce faɗin 720 ba suke nufi. Sai an juya bidiyon da manhaja irin su Nero ko DVDStyler ko ConvertXtoDVD, an zaɓi PAL, sannan a buga shi a matsayin faifan bidiyo. Juyawar tana cin lokaci, wani zubin fiye da awa guda a tsohuwar kwamfuta, abin da ya sa ake tsallake ta ke nan. Amma haƙƙinka ne, tun da faifan kallo a talabijin kuka yi ciniki a kai, kuma mai sana'ar kirki ba zai ji haushi don ka nema ba.

In za a sake bugawa, a kula da abu biyu. Na ɗaya, alamar da ke bayan haruffan DVD. Akwai DVD-R mai ɗan layi, wanda kamfanin Pioneer ya fito da shi a 1997, akwai kuma DVD+R mai alamar tarawa, wanda su Philips da Sony suka mara wa baya, ya shigo kasuwa a 2002. Tsofaffin na'urori sun fi sabawa da mai ɗan layin, don haka in wanda aka ba ka mai tarawa ne, a gwada ɗayan. A guji masu RW, waɗanda ake gogewa a sake, domin haskensu ya fi na kowa rauni, haka ma mai hawa biyu na gigabait 8.5. Na biyu, gudun bugu. Faifan da aka rubuta wa 16x ba dole ne a buga shi a 16x ba. A sauko zuwa 4x ko 8x, ɗigon ya fi fitowa sarai, musamman a faifai mai araha da ake sayarwa a dunƙule ba kwali. Minti kaɗan ne bambancin, amma na sha ganin wannan kaɗai ya warware matsalar. Kada kuma a manna takardar hoto mai kauri a bayan faifan, tana karkatar da nauyinsa idan yana juyi. Alƙalamin maka ya wadatar.

To idan gwaji ya nuna na'urarka ce fa? Har yanzu da sauran mataki kafin sauya ido. Duk wanda ke zaune a bakin hanyar Kano zuwa Zariya ya san irin ƙurar da ke shiga ɗaki, ga hazon hunturu, ga hayaƙin girki, kuma duk suna sauka a kan ɗan gilashin nan da bai kai ƙwayar wake ba. Mai gyara zai cire wuta, ya buɗe murfin, ya ɗan jiƙa tsinken auduga da sifirit mai tsabta, ya shafa gilashin a hankali ba dannawa, ya bar shi ya bushe. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da yawu. Kada kuma kowa ya leƙa idon alhali na'urar tana kunne, hasken leza yana illa ga gani. Ka sa ya duba ƙaramin injin da ke juya faifan, domin DVD yana buƙatar juyi mai sauri fiye da CD, kuma injin da ya gaji yana kawo wannan NO DISC ɗin sak. Ya duba siririyar wayar nan mai faɗi da ta haɗa ido da allon na'ura, takan karye a lanƙwasa. Akwai masu murɗa ɗan sukurun da ke jikin idon don ƙara wa leza ƙarfi. Yakan yi aiki na ɗan lokaci, amma yana gaggauta mutuwar idon, don haka kada a yi maka shi ba da saninka ba.

Wuta ma tana da hannu. Idan ta zo da rauni, ko ƙaramin janareto yana ɗauke da firji da fanka, na'urar da kayan wutarta suka tsufa takan kunna fitila ta buɗe tire amma ta kasa juya faifai yadda ya kamata. Gwada lokacin da wuta ta cika, ko ta bayan sitabilaiza.

Wasu za su ce maka lambar yanki ce. Gaskiya ne an raba duniya yanki-yanki a harkar DVD, Nijeriya tana yanki na 5, amma wannan ya shafi finafinan manyan kamfanonin waje ne, faifan biki ba ya ɗauke da kulle irin wannan. Saɓanin PAL da NTSC kuwa hoto baƙi da fari ko mai birgima yake kawowa, ba ya hana ganin faifai.

Idan an tabbatar ido ne, ka auna kuɗinsa da na sabuwar na'ura. In ya doshi rabi, gara sabuwa mai ramin USB. Duba ma taka, ko bayan talabijin ɗinku, wataƙila ramin yana nan. Na'urorin DVD sun fi karɓar filasha mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai gigabait 4, sai a raba bidiyon gida biyu, a kuma juya shi zuwa AVI in na'urar tsohuwa ce. Talabijin na zamani mai faɗi kuwa yawanci yana buɗe MP4 kai tsaye, ta nan Hajiya za ta iya kallo ko a daren yau.

Akwai abin da ya fi damuna fiye da na'urar. Faifan kwamfuta ba ya jure zafi da rana, rinin nan yana dusashewa, kuma zafin bazara a ɗakin kwano ba wasa ba ne. Ka ajiye shi a kwalinsa a inuwa, ka riƙe shi ta gefe, in za ka goge ka ja ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba zagaye ba. Masu bidiyo kuma ba sa riƙe aikin mutane har abada, da zarar ma'ajiyar kwamfuta ta cika sai su share tsoho don bikin mako mai zuwa. Walimar ta kai wata guda yanzu. Saboda haka kafin ka je wurin mai gyara, ka fara biyawa ta wurin mai bidiyo da filasha ko memori, ya zuba maka ainihin fayil ɗin, ka kuma tura kwafi a wayar wani ɗan'uwa da ba gida ɗaya kuke ba.