Shawara ga Masu Koyon Shirya Manhaja a Nima da Maamobi

Ya ku 'yan'uwana matasa da kuka duƙufa neman ilimin shirya manhaja, ku sani cewa jadawalin da ake jera mabuɗansa bisa tertibi, irin TreeMap na Java ko std::map na C++, yana da ƙa'idar bincike wadda jahiltarta kan jawo hasara. Wanda ya shirya wa mai sayar da hatsi a kasuwar Nima manhajar lissafin bashi, sa'an nan ya nemi sunan abokin ciniki da alamar [ ] a C++, to in babu sunan, sai na'ura ta ƙago shi da kanta ta rubuta masa sifili, har littafi ya cika da bayin Allah da ba su taɓa cin bashi ba. Abin da ya wajaba shi ne find, ko contains da ya zo da C++20.

A Java kuwa containsKey ya fi get aminci, domin null ba hujjar rashi ba ce. Kada ku ji tsoron jinkiri, galibi kwatance ashirin da 'yan kai sun isa cikin sunaye miliyan 1. Sai dai ku daidaita manyan baƙaƙe da ƙanana tun farko, don Musa da musa mutum biyu ne a wurin na'ura.