Kobla na Bulubari: Darasin da Na Koya Bayan Na Ɓata Tire Guda

A zangon da ya wuce, malamarmu ta firaktikal ta ba rukuninmu kayan zaƙi na Amurka mai suna kobla. Mu biyar muka yi karo-karo muka sayo bulubari daskararre a babban kanti, ni kuma na ce a bar min aikin. Da na fito da shi daga oben, ƙasansa ruwa tsululu, samansa tauri kamar ƙanzo. Kuɗin mutane ya tafi, ga maki a gaba. Wannan kunyar ce ta sa na zauna na koyi abin da kyau.

Bulubari ɗan itace ne na Arewacin Amurka. Launinsa kamar na ɗinya, amma bai kai ta girma ba, kuma ba shi da ƙwallo. A daji ake tsinkarsa, har Elizabeth White da Frederick Coville suka yi nasarar noma shi a jihar New Jersey, aka fara kai amfanin kasuwa a 1916. Shi kuwa kobla, Turawan Ingila da suka zauna a Amurka ne suka fara shi. Ba su da kayan girkin da suka saba da su a gida, sai su zuba 'ya'yan itace a tukunyar ƙarfe, su ɗora kwaɓin fulawa a kai, su gasa a garwashi.

Kayan ƙasa: bulubari kofi 4, sukari rabin kofi, kon fulawa babban cokali 2, ruwan lemon tsami babban cokali 1.

Kayan sama: fulawa kofi 1, sukari kwatan kofi, bekin foda ƙaramin cokali 1 da rabi, gishiri kaɗan, bota mai sanyi giram 60, madara rabin kofi.

A juya kayan ƙasa a zuba a tire. A wani kwano a haɗa fulawa, sukari, bekin foda da gishiri, a murtsuke bota da yatsu har ya zama kamar tsaki. A zuba madara a juya sau kaɗan. A riƙa ɗiba da cokali ana ɗorawa a kan bulubarin, ana barin fili tsakani don tururi ya samu hanya. A gasa a digiri 190 na minti 35 zuwa 40.

To, ina na kuskure? Na farko, na yi ta bugun kwaɓin kamar na fanke. Yawan juyi yana tayar da danƙon fulawa, shi ya sa ya yi tauri. Ko da gudaji-gudaji a ciki, ƙyale shi.

Na biyu, na ga saman ya yi ja sai na cire. Ashe kon fulawa ba ya kama ruwa sai ya kusa tafasa. Kada ka sauke sai ka ga ruwan yana ɓulɓulowa har ta tsakiyar tire. Idan saman yana neman ƙonewa, rufe shi da foyil.

Na uku, gaggawa. Ba shi minti 20 ya huce, a nan ne ruwan yake yin kauri.

Ga 'yan hostel da ba su da oben: zuba yashi a babbar tukunya, bari ya yi zafi, ɗora tiren a kai, rufe, sa garwashi kaɗan a kan murfin. Kusan haka masu abin suka fara. Idan bulubari ya fi ƙarfin aljihu, mangwaro ko sitiroberi na Jos ma suna yi, sai dai a ɗanɗana kafin a sa sukari.

Ranar jarrabawa da mangwaro na yi, don kuɗinmu ya ƙare. Malama ta tsoma cokali, ta duba ƙasan, ta ce, "Yau dai kin jira ya tafasa."