Sanƙarau Ba Ta Jiran Wayewar Gari

Jama'a, darasinmu na yau a kan sanƙarau ne. Ku karanta sannu sannu. In kun koma gida ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba.

Mu mutanen Dangoma da sauran ƙasar Kalgo mun san wannan cuta tun kaka da kakanni. Takan zo da hunturu, sa'ad da hazo ya rufe gari. Takan yi tsanani da bazara, sa'ad da zafi ya kai matuƙa. In ruwan farko ya sauka ƙasa ta jiƙa, sai ta lafa. Ba ƙasarmu kaɗai take damu ba. Tana bin ƙasashe 26 da ke gefen hamada, tun daga Senegal a yamma har Habasha a gabas.

Abin da ke kawo ta

Waɗansu ƙwayoyin cuta ne ke kawo sanƙarau. Ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Suna zama a cikin hanci da maƙogwaro. Mutum yana iya ɗauke da su, yana cin kasuwa, yana aikinsa, bai san kome ba. In ya yi tari ko atishawa, sai su fita cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa.

To, me ya sa cutar ta fi tashi da rani? Ku dubi leɓunanku da hunturu, yadda suke tsattsagewa. Haka ma cikin hanci da maƙogwaro ke bushewa saboda ƙura da busasshiyar iska. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta nan ƙwayoyin ke ratsawa su shiga jini. Daga jini su kai ga tantanin da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa da laka. Sai tantanin ya kumbura. Kumburin nan shi ke sa wuya ya sanƙare, daga nan kuwa cutar ta sami sunanta.

Ɓarnar da ta yi mana

A shekarar 1996 sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Yawancinsu a Arewa suke. A shekarar 2017 ta sake tashi daga Zamfara, ta bazu Sakkwato da Kebbi da Katsina da Neja, ta kashe fiye da mutum 1,000. A farkon shekarar 2025 ta faɗa wa maƙwabtanmu na Gwandu da Jega da Aliero. Cikin watan Maris na shekarar gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da sanarwa cewa mutum 26 sun rasu. Ashe ba labarin nesa ba ne. Mutanen da muke cin kasuwa tare da su ne.

Alamunta

Ga alamun da za mu lura da su:

1. Zazzaɓi mai zafi wanda ya zo farat ɗaya.
2. Ciwon kai mai tsanani.
3. Sanƙarewar wuya. In aka ce mutum ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji, sai ya kasa.
4. Amai.
5. Ƙin haske. Majinyaci yakan rufe ido, ya juya ga bango.
6. Sambatu, ko jijjiga, ko barci mai nauyi wanda ba a iya tashinsa.

Jariri ba ya iya cewa kansa na ciwo, wuyansa kuma ba lalle ya sanƙare ba. Uwa ta dubi maɗigarsa. In ta kumbura ta taso, ga zazzaɓi, ga ƙin mama, ga kuka ba sassauci, to, kada ta tsaya tambayar maƙwabta.

Abin da za mu yi

Nan ne zuciyar darasinmu. Sanƙarau cuta ce mai gaggawa. Tana iya kashe mutum cikin kwana guda. Yaron da ya kai awaki kiwo da safe yana iya fita hayyacinsa kafin lisha. In ba a yi magani ba, wajen rabin waɗanda ta kama sukan mutu. In an yi magani da wuri, mafi yawa sukan tashi.

Sau da yawa jinkiri ke kashe mutum. Wani ya ce zazzaɓin sauro ne, a sayo ƙwaya a kemis a gani. Wani ya ce iska ce, a yi turare. Wani ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho a ƙeya. Wani ya ce dare ya yi, a bari gari ya waye. Duk wannan lokaci ƙwayoyin suna ta ƙaruwa a cikin kai. Ƙaho ba ya kaiwa inda suke. Ƙwayar ciwon kai tana rage zafin jiki, amma ba ta kashe su.

Saboda haka in mun ga alamun nan, ko da tsakar dare ne, a nemi babur ko mota. A kai majinyaci asibiti mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, za su tura shi babban asibitin Kalgo, ko asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Addu'a kuwa a yi ta bisa hanya. In maigida ya yi tafiya, kada uwargida ta jira komowarsa. Magidanta, ku ba iyalinku wannan izini tun yau.

A asibiti akwai allura mai kashe ƙwayoyin nan. Wani lokaci likita yakan ɗebi ruwa kaɗan daga gadon baya da allura. Waɗansu mutane suna tsoron wannan. Kada ku hana. Ruwan nan ake dubawa a san irin ƙwayar da ta kama mutum, a san kuma irin rigakafin da za a kawo wa gari.

Ko wanda ya warke a riƙa lura da shi. Cikin mutum biyar da suka tashi, wajen guda yakan sami wata naƙasa, kamar kurumta. In an kira yaro daga baya bai waiwayo ba, a mai da shi wurin likita.

Allurar rigakafi

Ƙwayoyin sanƙarau iri iri ne. Likitoci sun sa musu suna da haruffan boko: A, C, W, Y da X. Huɗu na farko kun riga kun koye su a allo. X ne kaɗai baƙo, don ba mu rubuta Hausa da shi.

Irin A shi ne ya yi ɓarnar 1996. A shekarar 2011 aka soma yin allurar rigakafinsa a Nijeriya, sai ya kusa ɓacewa. Amma allurar A ba ta tsare mutum daga C. Shi ya sa C ya yi ɓarnar 2017. A shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta soma aiki da wata sabuwar allura mai tsare iri biyar ɗin nan gaba ɗaya. A wajen gangami ana yi wa waɗanda ke tsakanin shekara 1 zuwa 29, don su cutar ta fi kamawa.

Saboda haka kada wani ya ce an yi masa allura tun tuni, ba ya bukatar wata. Wanda ya toshe ƙofa guda ya bar huɗu a buɗe, bai tsare gidansa ba. In masu allura sun zo ƙofar dagaci, a fito da yara duka, har da almajirai da 'yan matan da ke ɗakin aure.

Tsaron gida

Kada mutane da yawa su cunkushe a ɗaki guda, an toshe taga. A bar iska ta riƙa shiga. Mai tari ya rufe baki da hanci. A yayyafa ruwa a ƙasa kafin a yi shara. In cutar ta kama wani a gida, a gaya wa mai unguwa, shi kuma ya sanar da ma'aikatan lafiya. Ɓoye ta ba ya kare mutunci, sai dai ya ba ta hanyar shiga gidan maƙwabci. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Da wane lokaci sanƙarau ta fi tashi? Don me?
2. Faɗi alamunta huɗu.
3. Ina uwa za ta duba a jikin jariri?
4. Don me wanda aka yi wa allurar A zai karɓi sabuwar allura?

Rubutu

Kowa ya rubuta wannan sau uku a littafinsa: Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, sai asibiti yanzu.