Hankali Da Tauhidi: Darasi Daga Shehu Usmanu

'Yan'uwa ɗalibai, ilmin da malamai ke kafa hujjar tauhidi da hankali shi ake kira ilmin kalami. Waɗanda suka fara shahara da shi su ne Mu'utazilawa, mabiyan Wasilu ɗan Aɗa'u na Basra, wanda ya rasu a 748. Su ne suka ce Alƙur'ani halitta ne. A 833 Halifa Ma'amun ya tilasta wa malamai wannan ra'ayi, har daga baya aka yi wa Imam Ahmadu ɗan Hambali bulala don ya ƙi yarda. Sa'an nan Abul Hasan Ash'ari ya fita daga cikinsu, ya riƙe hujjar hankali, amma ya sa ta yi wa nassi hidima.

Hanyar Ash'ari ce ta zo ƙasarmu, galibi ta littafin Ummul Barahin na Shaihu Sanusi mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490. A ciki ya raba hukuncin hankali uku: wajibi, watau abin da hankali ba ya karɓar rashinsa, mustahili, abin da ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, abin da samuwarsa da rashinsa duk suna yiwuwa. Bisa wannan ya jera siffofi 20 da suka wajaba ga Allah, da kishiyoyinsu 20 da suka koru gare shi.

To, a zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) waɗansu almajirai suka wuce gona da iri. Sai su tare manomi su tambaye shi hujjar kowace siffa, in ya kasa su ce kafiri ne. Shehu kuwa ya san ilmin sarai, ya karantar da shi, amma ya yi musu raddi cikin littattafai da dama, har da Hisnul Afham. Ya nuna cewa wanda ya furta kalmar shahada, bai bayyana abin da ke warware ta ba, Musulmi ne, ko da bai iya jera hujja irin ta malamai ba.

Mu da ke shirin tsayawa gaban yara a makarantun Abuja da ƙauyukanta, sai mu lura. Yaro yakan gane abu tun bakinsa bai iya faɗinsa da kalmomin littafi ba. Mu koya masa neman dalili sannu a hankali, kada mu yanke masa hukunci don ya kasa amsa tambaya ɗaya. Allah ya sa mu gane, amin.