Darasin Lafiya: Abinci Mai Gina Jiki da Ciwon Kumburin Yara

A wannan fitowa za mu duba wata damuwa da ke cikin gidajenmu: yaro yana cin tuwo safe da dare, cikinsa a cike, amma ba ya girma. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Najeriya sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Matsalar ta fi tsanani a Arewa.

1. Mene ne abinci mai gina jiki?

Jiki yana bukatar abinci iri uku. Akwai mai ba da ƙarfi, kamar dawa, gero, masara, rogo da mai. Akwai mai kare jiki, kamar ganyaye da 'ya'yan itace. Akwai kuma mai gina jiki, wanda ma'aikatan lafiya suke kira furotin. Da shi jiki yake gina tsoka, jini, fata da gashi, da shi kuma yake warkar da rauni. Babban mutum mai nauyin kilo 60 yana bukatar kusan giram 50 a rana. Mace mai ciki da mai shayarwa suna bukatar ƙari.

A cikin giram 100 na waken soya akwai furotin kusan giram 36. Gyaɗa tana da kusan 25, wake kusan 23, dawa da gero kusan 10. Ɗanyen rogo kuwa bai kai 2 ba. Ƙwai guda ɗaya yana da kusan giram 6.

2. Me ke faruwa idan ya yi ƙaranci?

A shekarar 1933 wata likita mai suna Cicely Williams ta bayyana wani ciwon yara a ƙasar da yanzu ake kira Ghana. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga suke kiransa, wato kwashoko, ciwon da yaro yake kamuwa da shi idan aka yi masa ƙane. Dalili kuwa, an yaye shi da wuri, an bar shi da kunun masara zalla.

Alamunsa su ne kumburin ƙafafu da fuska, gashi ya yi ja yana zubewa, fata tana saluɓewa, yaro ba ya wasa, ba ya son abinci. A yau masana sun gane cewa ba rashin furotin kaɗai ke kawo shi ba. Ƙyanda, gudawa da rashin sauran sinadaran abinci duk suna da hannu. Shi ya sa allurar rigakafi da ruwa mai tsabta suke tafiya tare da abinci mai kyau.

3. Yadda za mu gane shi a gida

A danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku. Idan rami ya tsaya a ƙafafun biyu, a kai shi asibiti a ranar. Wannan kumburi ba ƙiba ba ce, ba kuma sammu ba ne. Ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, ma'aikacin lafiya yana auna dantsensa da zare mai launi. Idan ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, yaron yana cikin haɗari. Kada a ɗura masa nama da wake a gida, domin jikinsa ba zai iya ɗauka ba. Akwai madara da abinci na musamman da ake ba irin waɗannan yara a asibiti.

4. Abin da za mu yi

A ba jariri nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

A haɗa hatsi da wake. Abin da furotin ɗin dawa ya rasa, na wake yana da shi, shi ya sa kunu da ƙosai suka fi kunu shi kaɗai.

A yi garin kunun yara: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken soya, 1 na gyaɗa. A soya kowanne daban, a cire ɓawon, a niƙa tare. Waken soya sai ya soyu ko ya dahu sosai.

A tsince gyaɗa da masarar da suka yi funfuna a zubar, domin suna da guba mai lalata hanta.

Kada a sayar da ƙwai da wake duka a kasuwa. Maganar cewa yaron da ya ci ƙwai zai zama ɓarawo ba gaskiya ba ce. Iyaye maza, idan tsoka ɗaya ce a miya, ƙaramin yaro ya fi mu bukatarta. A zuba masa a kwanonsa daban, domin yayyensa sun fi shi saurin hannu.

Wanda likita ya ce yana da ciwon ƙoda, ya nemi shawara kafin ya ƙara cin nama ko wake.

Tambayoyi domin tattaunawa a Zumuntar Mata da taron matasa

1. Waɗanne abinci masu gina jiki muke nomawa, kuma nawa muke ajiyewa domin gida?
2. A gidanmu, wa ake fara ba nama ko kifi?
3. Idan ƙafafun yaro suka kumbura yau, ina za mu kai shi, kuma wa zai taimaka da kuɗin mota?