Balagar Wuri a Wajen Yara: Wayar da Kan Iyaye a Dutsin-Ma da Kurfi

Girman yaro da balagarsa suna tafiya ne bisa umarnin wasu sinadarai da jiki ke tatsowa ya zuba cikin jini, waɗanda likitoci ke kira homon, kuma mai ba da wannan umarni wata 'yar tsoka ce da ba ta wuce ƙwayar wake ba, tana ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, ana kiranta fituwitari. A bisa al'ada takan tayar da balaga ga mace tsakanin shekara 8 zuwa 13, ga namiji kuwa tsakanin 9 zuwa 14. Idan yarinya ta fara ƙirgar dangi, ko gashi ya tsiro mata a hamata da gaba, ko ta ga jini tun ba ta cika shekara 8 ba, haka nan idan muryar yaro ta buɗe kuma marainansa suka girma kafin shekara 9, to wannan ita ce balagar wuri, kuma masana lafiya suna lissafa ta cikin larurori.

A yawancin 'yan mata ba a gano sanadinta, sai dai ƙiba da gado suna da hannu a ciki, amma a wajen maza an fi samun wata matsala a ƙwaƙwalwa. Wani abin da ya shafi wannan yanki shi ne cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, domin Jihar Katsina tana cikin zirin ƙasashen da sanƙarau ke addaba da rani, kamar yadda aka gani a annobar 1996. Sanƙarau, da kumburin ƙwaƙwalwa da ƙwayoyin bairos irin na ƙyanda kan haddasa, suna iya barin tabo a wurin da ke sarrafa homon, sai balaga ta zo da wuri ko girma ya tsaya, wani lokaci bayan shekaru, lokacin da iyaye sun manta da jinyar.  A 2020 likitocin yara a birnin Fulorens na Italiya sun lura balagar wuri ta ƙaru ga 'yan mata lokacin kullen korona, ko da yake an fi dangana hakan ga zaman gida da ƙarin ƙiba da damuwa.

Akwai kuma abin da iyaye ke jawowa da hannunsu, wato man bilicin da ake haɗawa a kemis ko a kasuwa a shafa wa ƙananan yara, alhali da yawansa na ɗauke da sitiroyid, sinadarin da ke ratsa fata ya dagula homon ya tauye girma. Wannan ganganci ne.

Illar balagar wuri ita ce yarinya takan zarce tsararrakinta tsawo da farko, sannan ƙasusuwanta su daina tsawo tun lokaci bai yi ba, ta tashi gajera. Mafi muni, ganin ƙirji kan sa a ɗauke ta budurwa, har a fara zancen aure, alhali hankalinta na 'yar firamare ne kuma ƙugunta bai isa ɗaukar ciki ba, wanda hakan na daga cikin hanyoyin kamuwa da yoyon fitsari. Dangana abin ga sammu ko shafar aljanu jinkirta magani kawai yake yi.

Binciken ba mai wahala ba ne: likita zai auna tsawo da nauyi, ya ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don sanin shekarun ƙashi, ya gwada jini, in ta kama a yi hoton ƙwaƙwalwa. Akwai allurar da ake yi duk wata ko duk wata uku mai dakatar da balagar har lokacinta ya yi. Saboda haka ana kira ga iyaye da su kai jarirai rigakafin ƙyanda da sanƙarau a wata 9, da ƙarin na ƙyanda a wata 15, kuma duk wanda ya ga waɗannan alamomi ya fara da babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi, ya tafi da katin rigakafi da bayanin jinyar da yaron ya taɓa yi, domin a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina idan da buƙata.